Kallon tsuntsaye a Dagona da damina: in je yanzu ko in bari sai hunturu?

Sadiq_Hotoro:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Dan Allah shawara nake nema wajen mutanen Yobe da Jigawa da duk wanda ya san yankin fadamar Hadeja zuwa Nguru. Hutuna na wajen aiki ya faɗo a watan Agusta kuma na daɗe ina son in je tafkin Dagona da ke ƙasar Bade in ga tsuntsayen da ake ta ba da labari. To wani abokina ya ce min ɓata kuɗin mota kawai zan yi, wai da damina babu abin da zan gani sai ruwa da ciyawa da sauro, in bari sai sanyi ya shigo. Ni kuma hutun ba a hannuna yake ba, in ya wuce ya wuce. Gaskiya ne babu tsuntsaye da damina? Kuma in mutum zai je me zai riƙe?

Dan_Nguru:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Tsuntsayen da suka sa Dagona ta yi suna baƙi ne, daga Turai suke zuwa, suna fara sauka wajen Oktoba su koma wajen Maris. A Agusta suna can ƙasashensu. Amma a ce babu tsuntsu a fadama da damina, wannan kam wanda bai taɓa kwana a nan ba ne zai faɗa.

Kabiru_Direba:
Ni dai maganar hanya zan yi maka don ita na sani. Daga Kano zuwa Hadeja zuwa Nguru har Gashuwa kwalta ce, matsalar tana farawa ne daga inda za ka sauka daga titi ka nufi ƙauye. Ƙasar wajen in ta sha ruwa ba ta san ƙaramar mota ba, laka ce mai danƙo, taya ta shiga sai dai a kira matasa da katako. Kar ka yarda ka shiga da motar gida. Ka ajiye ta a gari ka hau mashin ɗin ɗan yankin, shi ya san inda ake bi da inda ake kaucewa, wani wajen ma sauka za ku yi ku tura.

Baba_Gashuwa:
Sadiq ɗana, bari in yi maka bayanin yadda ruwan nan yake don ka gane abin da Dan_Nguru yake nufi. Ruwan da yake cika fadamarmu ba na samanmu kaɗai ba ne. Kogin Hadeja yana ɗauko nasa tun daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma tun daga tsaunukan Jos da Bauchi, su zo su bazu a nan kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe da ke tafiya tafkin Chadi. To a Agusta da Satumba ruwan ya bazu ko'ina, duk inda ka duba fadama ce. Tsuntsu kuma ba shi da dalilin taruwa waje ɗaya tunda abinci na ko'ina, sai su warwatse, biyu a nan uku a can cikin ciyawa. Amma in aka shiga Janairu zuwa Fabrairu ruwa ya ja baya, sai 'yan tafkuna irin su Dagona suka rage, to a nan ne za ka ga abin da in suka tashi lokaci ɗaya sai ka ji ƙarar fikafikansu tun daga nesa. Wannan taron ba za ka same shi a Agusta ba, kar wani ya ruɗe ka.

Sai dai ni a raina damina ta fi min. Lokacin ne na gida suke aure suke saƙa suke ƙyanƙyasa. Baƙin nan na hunturu ci kawai suke zuwa yi, ba sa yin ƙwai a nan, kuma a kayansu na zaman gida suke zuwa, yawancinsu ruwan ƙasa-ƙasa. Na damina kuwa kowa ya sha ado.

MamanIlham:
Ikon Allah. Ni wallahi ban taɓa sanin mutum zai tashi tun daga Kano takanas don kallon tsuntsu ba sai a gidan nan. Ba raini ba ne fa, tambaya ce, me ake samu a ciki?

Zainab_Jos:
@MamanIlham Anti ki gwada sau ɗaya ki gani. Ki fito tsakar gida da sassafe bayan an ɗauke ruwa ki zauna shiru ki ƙirga iri nawa za ki gani ko ki ji kukansu, za ki yi mamakin abin da kike wucewa kullum ba ki lura ba.

@Sadiq_Hotoro ni ina goyon bayan Baba. Na yi karatu a ɓangaren nan kuma na bi masu ƙidayar tsuntsaye zuwa yankin, ƙidayar da ake yi duk watan Janairu. Da damina ga abin da za ka nema. Mulufi, wanda da rani in ka gan shi ba za ka bambance shi da sauran ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa ba, amma da damina namijin sai ya rikiɗe ya koma ja wur da baƙi, ya hau kan karan ciyawa ya kumbura gashin wuyansa yana kaɗa fiffike yana kiran mata. Ga marai suna saƙa a bishiyoyin da suka sunkuyo kan ruwa, namijin ne yake saƙar da ɗanyar ciyawa, in ya gama ya rataye a ƙasan sheƙar kansa a ƙasa yana karkaɗa jiki, macen ta zo ta shiga ta duba, in bai yi mata ba ta tafi abinta shi kuma ya sake wata. Zalaidu mai dogon bindi shi ma sai ƙarshen damina yake fito da bindin. Kirinjijiya da dinya duk lokacin kiwon 'ya'yansu ke nan.

Sannan akwai wanda na fi so, mai jiki ja-ja da farin wuya da goshi shuɗi, yatsunsa dogaye ƙwarai, a kan ganyen bado yake tafiya bai nutsewa. Shi a wajensu namiji ne yake kwanci kuma shi yake renon 'ya'ya. In ya ji motsin da bai yarda da shi ba sai ya tsuguna 'ya'yan su shige ƙarƙashin fikafikansa ya maƙale su ya miƙe ya tafi da su, abin da za ka hango kawai 'yan ƙafafu suna lilo ta gefe da gefe. Wannan sai inda bado ya yi yawa, kuma bado da ruwa yake zuwa.

Sadiq_Hotoro:
Kai masha Allah, Malama Zainab wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya sa ni a mota. Na gode Baba, na gode Malam Kabiru. To ruwan sama fa, in ana yi su ma ba ɓuya suke ba?

Zainab_Jos:
In ana ruwa mai ƙarfi da iska ƙananan suna shigewa cikin ganye su yi tsit, ba za ka ga komai ba. Amma yayyafi bai hana su, agwagi da zalɓe ma ko a jikinsu. Lokacin da ya fi kowanne shi ne da zarar an ɗauke, musamman in da asuba aka yi ruwan. Duk sai su fito lokaci guda, wasu na shan hantsi suna gyaran gashi, wasu na bin ƙwari, in aka yi sa'a shinge ya tashi to ranar ka more, shirwa da tsattsewa da su marai duk za su hau sama suna cafka.

Auwalu_Guri:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Ina karanta yadda kuke yabon tsuntsaye ni kuma zuciyata tana tafasa. Mu nan tsuntsu ba abin kallo ba ne a wajenmu. Jan baki in ya sauko gonar shinkafa ko gero lokacin da ya fara ido, kafin ka je gida ka ci tuwo ka dawo an gama da kai. Yaranmu tun asuba suke fita da gwangwani da igiya da majajjawa suna ihu har magariba, makaranta ma sai a hankali a wannan lokacin. Mutum ya ci bashi ya sayi taki, ya biya kuɗin huɗa, ƙarshe tsuntsu ya kwashe. Sai kuma a zo daga birni da kyamara ana cewa kai ga kyau.

Dan_Nguru:
Malam Auwalu maganarka gaskiya ce babu wanda zai musa, mu ma nan haka muke fama. Amma ai jan baki daban, su dinya da shamuwa daban. Kuma ka san abin da ya ba jan baki mazauni, kachala ce, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. A cikinta suke kwana, ba mai iya shiga ya tashe su.

Auwalu_Guri:
Kachala kam ita ce babbar masifar. Ta cinye gonaki ta toshe hanyar ruwa, inda mahaifinmu yake noma yanzu ko kwalekwale bai ratsawa. Duk shekara sai mun yi gayya mun shiga ruwa iya ƙirji da adda da lauje muna sara, matsattsaku na cin ƙafarka, bayan 'yan watanni ta dawo kamar ba a taɓa ta ba.

Dattijo_Hadeja:
Tunda an zo kan kachala bari in sa baki, don mu mun ga fadamar nan kafin ta zo. Da can kogin Hadeja da rani ƙafewa yake, yashi ne fari ka taka ka haye. Da damina kuma ya zo da ƙarfinsa ya wanke komai ya malala. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, daga baya aka ƙara na Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canja, ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sako ruwa kaɗan-kaɗan bai yankewa. Ita kuwa kachala abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda bai bushewa. Da ta kama sai ta tare laka, hanyoyin ruwa suka cushe, ruwan ya karkata ya bi ta hanyar ruwan Marma ya nufi tafkin Nguru, wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa wasu kuma na ƙasa suna nema. Ba ina cewa dam bai yi amfani ba, Kano na shan ruwa, Kadawa na noman rani. Amma mu na ƙasa mu muka biya.

Abin da ya sa na kawo wannan, Sadiq, in ka zo kar ka tsaya kan tsuntsu kaɗai. Ka zauna da masunta da manoma ka ji. Ruwan da tsuntsun yake bi shi ne dai wanda Auwalu yake noma da shi, in ya lalace kowa ya rasa.

Malam_Tukur:
@MamanIlham game da tambayarki ta ɗazu. Ki duba Suratul Mulk aya ta 19, inda Allah Yake jan hankalinmu mu dubi tsuntsaye a samanmu suna shimfiɗa fikafikai suna kuma naɗewa, babu mai riƙe da su sai Mai rahama. Kallon halitta da tunani a kanta ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Sharaɗi dai kar ya sa a bar salla a kan lokaci, kuma kar a cutar da abin da ake kallo.

MamanIlham:
Haka ne Malam, Allah Ya ƙara sani. Ni ma yanzu da aka ambaci shamuwa sai na tuna muna yara a ƙauyenmu in muka ganta ta sauka kan kukar ƙofar gidan mai gari sai murna, kakarmu ta ce a fara gyaran gona ruwa ya kusa. Kuma an hana mu jifanta sam. Yanzu na daɗe ban ganta ba, ko don zaman birni ne oho.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ni daga Nijar nike biye da ku. Shamuwa tana nan wurinmu, duk shekara tana zowa gabanin ruwa ta yi gida bisa itace cikin gari, babu mai taɓa ta, hwara take ci shi ya sa manoma ke son ta. In damana ta ƙare sai ta yi kudu, har ƙasashen kudancin Afirka take kaiwa. Mu nan muna da tabkin Madarumfa kusa da Maraɗi, in ruwa ya cika shi akwai tsuntsaye sosai, belbela da zalɓe da agwagin ruwa. Ni shawarata ga Malam Sadiq shi tahi. Wanda ya jira sai komi ya daidaita ba ya zuwa ko'ina. Amma shi kiyayi hadari in yana bisa ruwa, wannan ba wasa ba ne.

Abba_Kyamara:
Ni bari in yi maganar kaya don nan na fi ƙarfi. Babban abokin gabarka ba ruwan da ke zuba ba ne, raɓa da danshi ne. Ka fito da kyamara ko madubin hangen nesa daga ɗaki mai sanyi zuwa waje sai gilashin ya yi hazo, in danshin ya shige ciki kuma ya zauna har fumfuna take fitowa a jikin gilashi. Ka samu leda mai kauri ko bokitin roba mai murfi ka riƙa sa komai a ciki in za ku hau kwalekwale, ka zuba 'yan ƙullin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi masu shanye danshi. Ka riƙe tsumma mai laushi busasshe a aljihun ciki. Waya ma a leda. Lema ba ta da amfani sosai, hannu ɗaya ta cinye kuma iska na juya ta, ga shi tsuntsu na hango ta ya tashi, gara rigar ruwa mai duhun launi da malafa. Kar ka sa farar shadda don Allah, daga nesa za su gan ka. Littafin rubutu kuma da fensir za ka yi, biro in takarda ta jiƙe ya gama aiki.

In wayarka na da wuri ka sauke manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsaye tun kana Kano ka sauke tsuntsayen yankinmu a ciki, don can sabis sai a hankali. Da fawa bank.

Sadiq_Hotoro:
Madubin nan ni ba ni da shi fa, waya kawai gare ni. Dole ne?

Abba_Kyamara:
Ba dole ba ne amma bambancin da yawa. Ko aro ne ka nema. Mai lamba 8x42 ya fi dacewa da ranar da gari ya lumshe don yana shigar da haske sosai. Hoton waya kuwa ka cire rai, ɗigo kawai za ka ɗauko.

Dan_Nguru:
Ni ban yarda dole sai da madubi ba. Masuntan nan namu babu mai madubi a cikinsu amma tun tsuntsu na sama za su faɗa maka ko wane ne, daga yadda yake kaɗa fiffike ko kukansa. Ka samu dattijo ɗaya cikinsu ka ba shi haƙƙinsa ya tuƙa ka a hankali ta gefen bado, zai kai ka kusa da abin da mai madubi ma bai gani ba.

Hajiya_Bilki:
Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma duk hirar nan ba wanda ya yi maganar lafiya sai sama-sama. Ɗana, Agusta da Satumba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a ƙasar nan, kai kuma bakin fadama za ka. Gidan sauro mai magani ka tafi da naka kar ka dogara da na masauki, da man shafawa na korar sauro, da riga mai dogon hannu don yamma. Na biyu kar ka ga yara na wanka a ruwan ka ce kai ma bari ka taka. Ruwan kwance irin wannan mai dodon koɗi shi ke kawo tsargiya, ta fata take shiga ba sai ka sha ba. Takalmin roba mai tsawo ka sa, kuma ka zazzage shi kafin ka zura ƙafa da safe. Ruwan sha ka riƙe naka. In ka dawo ka ji jikinka ya yi zafi kar ka tsaya shan magani a kemis kawai, ka je a gwada jini ka gaya musu inda ka je.

Sai kwalekwale. Dan Allah in ba rigar ceto kar ka hau, kuma in ka ga an cika shi da mutane da buhuna ka haƙura ka jira wani. Muna jin abin da ke faruwa duk damina a yankunan nan.

Baba_Gashuwa:
Hajiya ta gama magana. In ƙara da abin da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya faɗa, hadarinmu daga gabas yake tasowa kuma bai ba da dogon lokaci. In ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, in mai jirgi ya ce a fita to a fita, kar ka ce bari in ɗauki hoto ɗaya. Kuma kar ka fake ƙarƙashin doguwar bishiyar da take ita kaɗai a fili saboda tsawa. Yawanci da yamma ko cikin dare yake zuwa, shi ya sa fitar asuba ta fi, ka yi salla ka fita, kafin azahar ka dawo.

Sannan Dagona ba wajen da za ka faɗa kai tsaye ba ne. Tana cikin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, akwai ma'aikata masu kula da ita, ka fara zuwa wajensu ka nemi izini su haɗa ka da wanda zai raka ka. In ka shiga ƙauye kuma ka je ka gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka. Baƙo da madubi yana leƙe-leƙe a bakin ruwa ba tare da an san shi ba, a wannan zamanin, kai ma ka san ba daidai ba ne. Su ne kuma za su gaya maka halin da hanya take ciki a satin, ba mu da muke waya ba.

Umar_Birniwa:
Wai da gaske ne mijin Sarauniyar Ingila ya taɓa zuwa wajen nan ko labarin teburin mai shayi ne?

Baba_Gashuwa:
Da gaske ne. Yarima Philip ya zo Dagona a 1989, lokacin yana shugabancin ƙungiyar kare namun daji ta WWF. Tsofaffin garin har yanzu suna ba da labarin. Tafkin Nguru da Marma kuma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, daga baya a 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya ta Jigawa.

Dattijo_Hadeja:
Yawwa, Baturiya. Sadiq in ka ga hanyar Dagona ta gagara, ga Baturiya nan a Kirikasamma, ta fi kusa da kai daga Kano. Ita ma dai da damina sai an yi tambaya kafin a shiga.

Abin da ni nake nema a fadamar nan ban ƙara gani ba shi ne gauraka. Muna samari da damina za ka ji kukansu da safe, ka hango su biyu-biyu cikin ciyawa da tukkun nan nasu mai ruwan zinariya suna rawa suna tsalle. Kama su aka yi ta yi ana kai wa masu kuɗi su ajiye a gida don ado, ga wuraren da suke ƙwai an nome. Yanzu yaron da aka haifa a nan zai girma bai taɓa ganin ta a daji ba sai a hoto.

Zainab_Jos:
Baba wannan magana tana ci min rai. Gauraka yanzu tana cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, a Najeriya kam da ƙyar ake ganin ta a daji. Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai fita, ko Sadiq ko waninsa, ya rubuta abin da ya gani da rana da wuri. Yawancin masu zuwa yankin nan da hunturu suke zuwa, saboda haka abin da aka sani game da tsuntsayen damina a can bai kai na rani ba. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ta nan Jos take jagoranta, 'yan sa-kai ne suke turo abin da suka gani ta waya, akwai ƙungiyoyin matasa masu yin haka a jihohin arewa. Lissafin mutum ɗaya na watan Agusta daga Bade yana da daraja sosai.

@Auwalu_Guri ban manta da maganarka ba Malam. Feshin da ake yi wa jan baki da jirgi yana rage su na ɗan lokaci amma gubar ba ta zaɓe, tana kashe wasu tsuntsayen har da masu cin jan bakin, ga ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Ni a ganina buɗe hanyoyin ruwa da rage kachala shi ne zai taimaki manomi ya kuma taimaki fadamar.

Auwalu_Guri:
Malama na ji, kuma ban ƙi ba. Amma wanda gonarsa ke ido yau ba zai jira a gyara kogi ba. Mu dai abin da muke iyawa shi ne raga, a kama su da dare a soya a kai kasuwa, ko ba komai an rage asara. Sadiq in ka zo ka biyo ta wajenmu, ni da kaina zan kai ka ka ga inda suke kwana da magariba, ka ga yadda suke shigowa kamar hayaƙi. Ka kalla ka kuma ga gonakin da ke gefen, sai ka ba da labarin duka biyun.

Sadiq_Hotoro:
Wallahi Malam Auwalu na karɓi wannan gayyata, kuma Allah Ya tsare muku amfanin gonarku. Yanzu dai abin da nake tunani in yi kwana kaɗan a Nguru in gwada tafkin can tunda yana bakin gari, in hanya ta yi in ƙarasa Dagona, in ba ta yi ba in dawo ta Hadeja.

Kabiru_Direba:
Hakan ya fi. Amma ni har yanzu da ni ne kai da na roƙi a ɗaga min hutun zuwa Disamba. Ka tuna 2022 yadda ruwa ya yanke hanyoyi a Jigawa da Yobe, mutane suka maƙale kwana da kwanaki. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ba lokacin wasa da hanyar nan ba ne.

Dan_Nguru:
Ba kowace shekara ce 2022 ba Malam Kabiru. In farkon watan ne ruwan kogi bai gama isowa ba tukuna. Sadiq hutun naka farkon wata ne ko ƙarshe?

Sadiq_Hotoro:
Sati na biyu ne in sha Allah.

Baba_Gashuwa:
To ka sake tambaya a nan in saura 'yan kwanaki, mu gaya maka inda ruwa ya kai. Shekarar da Jama'are ta zo da wuri lissafin yakan canja.

MamanIlham:
Malama Zainab na gwada abin da kika ce yau da safe bayan ruwan nan na asuba. Na ga kurciya da hasbiya da wasu ƙanana jajaye suna tsince-tsince a gindin murhu, sai wani babba mai jan fiffike da dogon baƙin bindi yana tafiya a kan katanga yana wani kuka kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu. Shi wannan wane ne?

Zainab_Jos:
Ragon maza ne Anti, da damina ya fi yin wannan kukan. Ki duba cikin shuke-shuken da ke bayan katangar, ba mamaki da macen a kusa.